Zuwaira Mai Kifi da Yaran da Za Su Espanya

Duk wanda ya sauka a tashar Madarumfa da la'asar, hancinsa ne ke kai shi rumfar Zuwaira tun ƙafarsa ba ta gama shawara ba. Rumfar tana bakin hanyar da ke gangarawa tafki, ƙarƙashin wata tsohuwar bishiyar bedi, da ƙaton kasko a kan murhu da faranti biyu, ɗaya na karfasa ɗaya na tarwaɗa. Mijinta Haruna ne ke kamo kifin da safe, ita kuma ta kankare, ta barbaɗa yaji, ta soya. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, bakinta ya fi hannunta sauri, ga shi hannun ma ba na wasa ba ne. In ka tsaya kana jujjuya mata kifi kana neman aibu, sai ta ce maka tafkin ba shi da ƙofa, ka gangara ka kamo wanda ya yi maka.

Sai dai ba kifi kaɗai aka san ta da shi ba. A garin in ka ce Zuwaira za a tambaye ka wacce, amma in ka ce 'Yar Espanya kowa zai nuna maka rumfar. Sunan ya bi ta tun tana 'yar shekara shida. An haife ta da ciwon zuciya, irin wanda yaro ba ya iya gudu, in ya ɗan taka sai ya tsuguna yana haki, leɓɓansa su yi duhu. An yi na gida, an sha rubutu, an kai ta asibitin Maradi, abin ya ƙi. Ana nan sai likitocin wata ƙungiya ta Turawa suka zo duba yara, suka ce wannan sai aiki, kuma ba a nan ake yin sa ba, sai can ƙasarsu Espanya. Ƙa'idarsu ita ce yaro shi kaɗai ke tafiya, ba uwa ba uba, a can wani gida ne zai riƙe shi har ya warke. Haka aka sa Zuwaira a mota zuwa Yamai, daga can jirgi, da 'yar rigarta ta atamfa da takalmin roba, ba ta san ko kalma ɗaya ta mutanen da za ta je wurinsu ba.

An ce 'yan watanni za ta yi. Ciwon ya zo da gardama, aka yi aiki aka sake, har ta zarce shekara a gidan wata mata mai suna Pilar. Ta dawo Madarumfa da kumatu, da dogon tabo daga ƙasan wuya zuwa ciki, da wani jan akwati, kuma babu Hausa a bakinta ko ta gaisuwa. Hausar ta dawo daga baya, yaran unguwa suka mayar mata da ita wurin wasa. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne Espanyol ɗin bai tafi ba, don Pilar ba ta sake ta ba. Duk zuwan da likitocin za su yi sai ta ba su kaset ta cika shi da surutu, labarin karenta da ciwon gwiwarta da abin da ta dafa ranar. Zuwaira ta yi ta saurare har zaren ya tsinke, ta liƙe shi da ƙaro ta ci gaba. Da waya ta shigo gari sai abin ya koma hira duk ranar Lahadi. Yanzu Pilar ta tsufa, kunnenta ya yi nauyi, saboda haka maƙwabtan Zuwaira ba sa bukatar kalanda kafin su san Lahadi ta yi.

Ƙungiyar ba ta daina zuwa ba, kuma kusan kowace shekara akan ɗauki yaro ɗaya ko biyu daga yankin, wani daga Sarkin Yamma, wani daga Ɗan Issa, wani daga ƙauyukan bakin tafki. Ba wanda ya naɗa Zuwaira wani muƙami, ga shi ko a lakwal, wato boko, ba ta yi nisa ba. Wata rana dai majo na wancan lokacin, wato babban ma'aikacin asibitin garin, ya turo mata wani yaro ya ce ta faɗa masa yadda can yake, daga nan aikin ya zama nata. Ba ta manta kwanakinta na farko a asibitin can ba, ƙishirwa na cin ta tana cewa ruwa, ruwa, matan suna shafa mata kai suna murmushi. Ta ce in dai yaro ya biyo ta rumfarta, ba zai je ya sha wannan ba.

Karatunta ba allo ba littafi, jan akwatin nan ne makarantar. Takan ajiye shi a tabarma bayan murhu ta ce wa yaro sunan wannan maleta. Yaro ya buɗe, ya fito da kaya ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunansu, ya mayar yana sake kira: zapatos takalma, camisa riga, abrigo rigar sanyi. In ya kira daidai ya samu wutsiyar karfasa. In ya kuskure ma yakan samu, sai dai zai sha tsiya tukun. Jirgi kuwa kujerar roba ce. Takan ɗaure yaro a kai da ɗankwali, ta tsaya bayansa tana girgiza kujerar tana ƙugi da baki, masu jiran kifi suna dariya suna cewa a sauke su Maradi. Takan sa a sayo ƙanƙara ta damƙa wa yaro a tafin hannu, ba za ta karɓa ba sai ya ce frío, wato sanyi. Har gidan bene takan kai su a hau a sauko, don ta ce a can matakala ta fi allura ba ta tsoro.

Abin da ta fi dagewa a kai shi ne maganar jiki. Takan ce mu nan jin yunwa muke yi, jin tsoro, jin ƙishirwa, su kuwa mutanen can mallakar abin suke yi kamar akuya. Tengo hambre, ina da yunwa. Tengo sed, ina da ƙishirwa. Tengo miedo, ina da tsoro. Sai kuma me duele, yana yi mini ciwo, ka ɗora yatsa a wurin. Bayan wannan sai maganar abin da ke gaba, wadda ta ce ita ce mafi araha a harshen: ka ce voy a, wato za ni, sai ka jingina masa duk abin da kake shirin yi. Voy a comer, zan ci abinci. Voy a dormir, zan yi barci. Voy a viajar, zan yi tafiya. A ganinta yaron da ya iya faɗin abin da zai yi ba ya jin kansa kamar kaya, ana ɗauka ana ajiyewa.

Bara, bayan an shigar da hatsi, Majo Mansur mai riƙe da asibitin yanzu ya tsayar da babur ɗinsa gaban rumfar. Bai sayi kifi ba, daga nan ta san magana ce ta kawo shi.

"Yaya, na samo miki ɗaliba," in ji shi bayan sun gaisa. "Ɗiyar Illo ce, mai tuƙin kamiyon kaya zuwa Ɗan Issa. Firdausi sunanta. Zuciya ce, irin taki. An ba ta wuri, watan gobe za su tahi da ita in komi ya cika."

"To mi ya hana shi cika?"

"Uban ya sa hannu. Uwar ce, Sa'adatu. Su kuma mutanen ga ba su ɗaukar yaro sai uwa da uba duka sun yarda. Duk kiran da na yi mata sai ta ce tana tunani."

"In ba a yi aikin ba fa?"

Majo ya dubi kaskon maimakon fuskarta. "Ba ta kaiwa girma, Yaya. Likitocin sun ce in wanga karo ya wuce, mai yiwuwa ko an so a yi daga baya ba ya yiwuwa."

Washegari Illo ya kawo yarinyar a babur, ya sauke ta kamar mai sauke ƙwai. 'Yar shekara bakwai ce, siririya, ido ya fi fuska. Daga bakin hanya zuwa tabarma sai da ta tsuguna ta huta, kuma Zuwaira ta san wannan tsugunon kamar yadda ta san tafin hannunta. Ba ta ce sannu ba, don ta tuna yadda sannu ke gajiyar da mai ciwo. Cewa ta yi, "Ke ce mai shirin gudu ki bar mu da zahi? To buɗe akwatin ga mu gani."

Jikin ne dai ba ƙarfi, kan kuwa kamar wuƙa. Kafin a je ko'ina Firdausi ta haddace kayan akwatin, ta koma ita ke yi wa Zuwaira tambaya.

"Tanti, can akwai hura?"

"Babu."

"Tuwo fa?"

"Shi ma babu."

"To mi suke ci?"

"Burodi, da dankali, da kihi ba yaji."

Yarinyar ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki." Ranar Zuwaira ta yi dariya har man kasko ya kusa kama wuta.

Da aka zo kan voy a kuwa, Firdausi ba ta tsaya kan ci da barci ba. Ta tambayi yadda ake cewa zan yi gudu. Aka ce mata voy a correr. Ta riƙe wannan ta ƙi saki, duk wanda ya zo sayen kifi sai ta faɗa masa, ko direba ne ko jandarma, tana zaune kan kujerar roba an ɗaure ta da ɗankwali. Mutane su ce to Allah ya sa alheri ne, su ɗauki kifinsu su wuce. Zuwaira ta shaƙu da yarinyar fiye da yadda ta so, don ta san ana ta shirin tafiyar da har yanzu ba a ce za a yi ba.

Ita Sa'adatu tana da lambu a bakin tafki, zogala da salati da ɗan tattasai. Doguwa ce, shiru-shiru, irin matan da ba ka jin takunsu. Tun da aka fara karatun kullum sai ta biyo ta rumfar da kwanonta a kai, ta sayi kifin da kowa ya san ba ta bukata, ta tsaya a ƙulle mata shi a takarda ba ta dubi tabarmar ba ko sau ɗaya. Firdausi ce 'yar farinta, kuma Sa'adatu ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta kama sunanta, ba ta ɗaukar ta a gaban mutane, in ana yabon yarinyar sai ta tashi ta nemi aiki. In dole ta yi zancenta sai ta ce waccan, ko yarinyar gidanmu. Tsofaffi na yaba mata, suna kafa misali da ita. Zuwaira kuwa, wadda ke ƙwala wa ɗan farinta Yusuf kira da sunansa daga wannan bakin tasha zuwa wancan, tuni suka yanke cewa ta bar kunyarta a jirgi.

Dalilan Sa'adatu ba sa ƙarewa. Ta ce wa majo sanyin can zai kashe yarinyar, aka nuna mata rigar sanyi. Ta ce wa mijinta za a ba ta naman alade, aka ce an rubuta an hana. Ta ce wa uwar mijinta wa zai sa ta salla, aka ce yarinyar ta iya da kanta. Duk wanda aka toshe sai wani ya ɓullo. Illo ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya koma lallashi. Shi da majo bakinsu ɗaya: 'yan watanni ne, za ta dawo yadda ta tafi, sai ma ƙarin lafiya. Zuwaira na jin duk wannan tana juya kifinta. Ta san macen da ba ta iya kiran sunan ɗiyarta ba za ta zauna gaban maza ta faɗi abin da take tsoro a kanta ba.

Da lokaci ya fara ƙurewa majo ya dawo. "Yaya, ke za ta saurara. Ki je ki kwantar mata da hankali. Ki ce mata ba komi, ga ki nan kin je kin dawo."

Zuwaira ta tafi da hantsi, kafin Haruna ya fito daga ruwa. Ta iske Sa'adatu ita kaɗai tana ban ruwa. Suka gaisa, suka yi zancen tsutsar da ta addabi tattasai, sannan Zuwaira ta zauna kan kunyar shuka ta jawo kwandon zogala tana tsinkewa kamar abin da ya kawo ta ke nan. Sa'adatu ce ta fara kawo zancen, kanta a sunkuye.

"Yaya, an ce da kinka dawo ba ki jin Hausa."

"Ko sannu."

"Majo ya ce wannan na da ne. Ya ce yanzu ba a daɗewa, kuma akwai waya."

Zuwaira ta zo da maganar majo a shirye, tun a hanya take tauna ta. Amma ta dubi matar nan da ke ta zuba ruwa wuri ɗaya har ya yi tafki a gindin salati, sai ta ji ba za ta iya ba.

"Majo bai je ba, ni na je," in ji ta. "Tana iya dawowa da Hausarta. Tana iya dawowa da rabi. In aikin ya ja lokaci tana iya dawowa babu. Ba ni yi miki ƙarya."

Sa'adatu ta ajiye bokitin. "Ke da kinka dawo, kin gane innarki?"

"Tun daga ƙohwar gida na gane ta."

Labarin da ta ba ta ranar ba ta taɓa bai wa yaran da take shiryawa ba, ko Haruna gutsure ya sani. Ta ce ranar da aka dawo da ita gidansu ya cika da mata, ana guɗa, an yanka kaza. Ita kuwa ta yi shekara a gidan da mace ke sumbatar yaro safe da yamma, ta ɗora shi kan cinya ko gaban wa. Da ta hango innarta tsaye bakin madafi sai ta saki hannun wanda ya rako ta ta sheƙa da gudu, gudun farko da ta taɓa yi a gidan, ta rungume ƙafafunta tana kiran ta da yaren can. Zuwaira ma 'yar fari ce, ga dangin miji cike da tsakar gida. Innarta ta sa hannu a hankali ta ɓamɓare yatsunta daga zanenta, ta kau da kai, ta shige ɗaki. Mata suka yi dariya suna yaba kunyarta, gwaggwanni suka ɗauki yarinyar suna juya ta suna duba tabon.

"Ni ban san kunya ce ba," in ji Zuwaira. "Ba ni da Hausar da za a yi mini bayani da ita. Na ɗauka ba ta so na dawo ba. Sai da na yi wayo gwaggona ta ce mini kuka ta shiga yi, kuma tun da anka ce muna hanya abinci ya ƙi wuce mata. Na gane, wallahi na gane, ban riƙe ta da komi ba. Ita ta yi mini aure, ita ta yi mini wankan jego. Amma ban sake rungumar ta ba har ta koma ga Allah. Kaina ya yarda, jikina ya ƙi."

Sa'adatu ta dubi ruwan tafki. Can ta ce, "Allah ya jiƙanta." Ta ɗauki bokitinta ta koma ban ruwa.

Ranar da la'asar Firdausi ba ta zo ba. Washegari ma haka. Sa'adatu ta daina biyowa ta rumfar. Illo ya wuce a babur ya ɗaga hannu daga nesa bai tsaya ba. Majo kuwa ya tsaya, kuma ransa a ɓace.

"Na ce ki kwantar mata da hankali, Yaya, kin je kin tayar. Yanzu ko kira na yi ba ta ɗauka. In munka rasa wurin ga, wani yaro za su ba."

Ya ja babur ya tafi ya bar Zuwaira gaban kasko. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Ta yi ta tambayar kanta mene ne amfanin gaskiyar da za ta hana yarinya kaiwa girma. Da ta ce ba komai kamar kowa, da wataƙila yanzu an sa hannu, in ya so abin da zai faru ranar dawowa ya faru, ai dai da rai ake ɓacin rai. Kwanakin nan ta ƙona kifi har Haruna ya ce in gawayi take son sayarwa ta faɗa masa ya huta da shiga ruwa. Ranar Lahadi ta so ta faɗa wa Pilar, amma tsohuwar ba ta ji ba, ta yi ta ba ta labarin ruwan sama.

Ana haka, wata ranar kasuwar Ɗan Issa da gari ya yi shiru motoci duk sun tafi, Zuwaira na zaune ita kaɗai kafin azahar tana kankare karfasa, sai ta ga inuwa a kan kwanon. Sa'adatu ce, ba kwano a kanta, ba kwandon zogala. Ta yi sallama, ta wuce bayan murhu, ta zauna kan tabarmar da yara ke zama, ta naɗe dogayen ƙafafunta.

"Jiya waccan ta suma," in ji ta. "Bakin ƙohwa, garin bin kaza."

"Subhanallahi. Yanzu fa?"

"Da sauƙi. Ta tashi." Ta murza bakin zanenta. "Na ɗauke ta, Yaya. Amma sai da na waiga tukun, na ga ko da mai kallona."

Zuwaira ta ajiye wuƙar.

"Ranar da za ta dawo gidan cika zai yi. Uwar mijina na nan, gwaggwanninta na nan, maƙwabta na nan. Na san kaina. Bakina ba ya buɗuwa. Tun da na haihe ta ban taɓa ce mata..." Ta tsaya, kalmar ta ƙi fita ko a nan da ba kowa. Ta sake wata hanya. "Yaren ga naku, wa ke jin shi cikin garin ga?"

"Ni, sai yaran da sunka je."

"Uwar mijina ba ta ji?"

"Ko Faransanci ba ta ji, balle wannan."

"To ki koya mini abin da za ni ce mata da shi. Su ɗauka gaisuwar Turawa ce."

Zuwaira ta goge hannu a zane. "Mi kike so ki ce?"

"Ban sani ba. Ke mi kinka so a ce miki?"

Shekaru ta yi tana koya wa yara yadda za su nemi ruwa, yadda za su ce sanyi, yadda za su nuna wurin ciwo, amma ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar, ita ma ba ta taɓa yi wa kanta ba. Ta ɗauka za ta daɗe tana nema, sai ta iske maganar na nan kusa.

"Ven, hija mía," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Te esperaba."

"Mi ke nan?"

"Zo, ɗiyata. Ina ta jiran ki."

Sa'adatu ta sunkuyar da kai kamar an kama ta da laifi. Sannan ta gwada. Harshen ya ƙi lanƙwasa, kalmar farko ta fito, ta biyu ta maƙale. Zuwaira ta rarraba mata gaɓa-gaɓa kamar yadda take yi wa yara, sai dai yau ba tsiya ba dariya. Suka yi ta yi, ɗaya ta faɗa ɗaya ta maimaita, ƙudaje na bin kifin da aka manta a kwano, har maganar ta zauna a bakin Sa'adatu ta daina tuntuɓe.

"Kin iya," in ji Zuwaira. "Amma tabarma kike faɗa wa. Yaro ba ya jin maganar da anka yi wa ƙasa. Tashi za ki yi, ki dube ta cikin ido, ki miƙa hannu."

Sa'adatu ta miƙe. Ta duba hagu ta duba dama, ba kowa a hanya sai awaki. Ba wanda za ta kalla sai Zuwaira, don haka ita ta kalla. Ta miƙa hannuwa biyu, ta faɗe shi a fili da muryar matan Madarumfa.

"Ven, hija mía. Te esperaba."

Zuwaira, uwar samari, da ɓawon kifi har gwiwar hannu, ta ji ƙafarta ta ɗaga da kanta ta yi taku ɗaya. Ta tsaya a nan. Sannan ta gyaɗa kai.

"Ya yi. Haka za ki ce."

"Majo na asibiti yanzu?"

"Yana nan har a kira salla."

Sa'adatu ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta hau hanyar asibiti, leɓɓanta na motsi. Zuwaira ta koma ta zauna gaban kwanon kifi, amma ta daɗe ba ta ga inda wuƙar take ba, alhali tana nan gabanta.